Manhaja ta ce da sauran kaya, sito kuma babu: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ni nake riƙe wa Alhajinmu lissafin sito a Sabon Gari, Zariya. Dilolin kayan masarufi ne mu: taliya, sukari, madara, man girki, sabulu da makamantansu. Wasu kayan daga Legas ake turo mana, wasu mu saro a Kano. Bara muka saka manhajar kula da kaya, tana da wani shafi da ke nuna yawan abin da zai rage mana nan gaba. Gab da azumi ta nuna min za mu ƙare wata da katan 500 na taliya, sai ga shi a sati na uku ko katan ɗaya babu, kwastomomi suna zuwa suna komawa. Sabulu kuwa har yanzu ya cika mana wuri. Alhaji ya ce a watsar da ita a koma littafi. Don Allah yaya manhajar take yin wannan hasashen, kuma me zan gyara har in iya dogara da lambar da take ba ni?"

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: daga ina manhaja ke samo lambar ragowar kaya, kuma me ya sa lambar ta saɓa da abin da idonka ya gani a sito. Idan ka fahimci ta farko, ta biyu za ta warware da kanta, don haka bari mu fara da buɗe cikin lambar.

Abin da ke cikin lambar

Ko wace manhaja ce, daga SAP ta manyan kamfanoni zuwa Odoo da ERPNext da 'yan kasuwa masu matsakaicin ƙarfi ke sakawa, lissafin guda ne, kuma tsoho ne. Tun shekarun 1960 su Joseph Orlicky na kamfanin IBM suka tsara shi don masana'antu. Ana ɗaukar abin da ke ƙasa a farkon sati, a haɗa da abin da zai shigo cikin satin, a cire abin da zai fita. Abin da ya rage shi ne mafarin sati na gaba, haka har iya nisan da aka ce ta duba. Ke nan abu uku ake ciyar da ita: kayan da ke ƙasa, kayan da ke tafe tare da ranar isowarsu, da kayan da za su fita. Na ƙarshen ne kaɗai hasashe. Biyun farko abubuwa ne da ku kuka gaya mata, kuma a sitocin dilolinmu galibin ɓarnar daga waɗannan biyun take fitowa.

Kafin komai ka binciki abin da manhajarku take cirewa a matsayin "abin da zai fita", domin a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. A Odoo, lambar da ke shafin kaya tana haɗa abin da ke ƙasa da odar da kuka yi wa kamfani, ta cire odar kwastomomi da aka riga aka tabbatar. Cinikin da ba a rubuta ba tukuna ba ya cikinta, sai in an shigar da shi ta sashen jadawalin tsara kaya. A ERPNext ma kusan haka ne, ga shi kuma lamba ɗaya ce dunƙule, ba ta rarrabe wace rana kaya za su shigo. Wannan tsari ya dace da wanda kwastomominsa ke ba da oda makonni kafin su karɓa. A Sabon Gari kuwa mutum zai zo daga Giwa ko Soba da safe, ya tura kuɗi, a loda masa a-kori-kura kafin azahar. Irin wannan ciniki manhaja ba ta san da zuwansa ba sai bayan ya wuce. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe kayan da kuke sayarwa kullum, ka duba ragowarsa nan da kwana 14. In ka ga lambar ba ta sauka ba, ko ma ta ƙaru saboda motar da ke hanya, to manhajar ba ta cire cinikin gobe kwata-kwata, kuma wannan ne gyaran farko.

In kuwa tana cirewa, sai ka duba akasin haka. Idan hasashen sati katan 300 ne, wasu kwastomomi kuma sun riga sun biya kuɗin 120, abin da za a cire 300 ne, domin 120 ɗin suna cikin 300. Manhajar da ba a saita ta da kyau ba sai ta cire 420, ta sa ku yi odar da ba ku buƙata.

Misalin taliyar

Bari in ƙaddara wasu lambobi masu kama da naku. A ce kun shiga wata da katan 900, kuna sayar da 300 a sati, kuma akwai 800 da manhaja ta san za su iso farkon sati na uku. Ƙarshen sati na farko 600, na biyu 300, na uku 800, na huɗu 500. Ga 500 ɗinka, kuma babu satin da ya taɓa sifili.

Yanzu mu taɓa abubuwan ukun ɗaya bayan ɗaya. Idan ainihin kayan da ke ƙasa 840 ne ba 900 ba, satuttukan za su zama 540, 240, 740, 440. An rage, amma kaya ba su yanke ba. Idan ciniki ne ya hau saboda azumi, ya zama 300, 330, 400, 450, za a samu 600, 270, 670, 220. Nan ma ba su yanke ba. Amma a bar komai yadda yake, mota kawai ta makara da sati ɗaya: 600, 300, 0, 500. Ka lura, lambar ƙarshen wata ba ta motsa ba ko kaɗan, tana nan 500, alhali a sati na uku an share sito. Saboda haka mai yiwuwa ne manhajarku ta faɗi daidai game da ƙarshen wata, kai ne kake duban wurin da ba shi ne da haɗari ba. Abin dubawa shi ne mafi ƙanƙantar lamba a kan hanya, wato ranar da ta gabaci isowar mota.

Idan ukun suka haɗu, kamar yadda suka saba haɗuwa gab da azumi, sai a samu 540, 210, sannan giɓin 190, sannan 160. Akwai wani tarko a wannan lamba ta ƙarshe. Manhaja tana ɗauka masu neman katan 190 ɗin nan suna zaune suna jiranku, in mota ta zo a ba su. A kasuwarmu wanda ya zo bai samu ba, shagon gaba yake shiga. Don haka ainihin ragowar sati na huɗu 350 ce, cinikin 190 kuma ya tafi ke nan. Manyan manhajoji suna da wurin zaɓar ko buƙatar da ba a biya ba ta zama bashi ko ta faɗi. A kayan masarufi zaɓi na biyu ne daidai.

Darasin aiki daga misalin shi ne ka mayar da shafin zuwa sati-sati, manyan kayanku kuma zuwa rana-rana na kwana 21 masu zuwa. Lissafin wata-wata yana haɗiye giɓin tsakiya.

Ranar isowar mota

A nan zan fi daɗewa, domin nan ne mafi yawan dilolin Zariya suke cutuwa. Lokacin saka manhaja akan tambayi kwana nawa kaya ke ɗauka, wani ya ce kwana bakwai, a rubuta, shi ke nan ba a sake taɓawa. Wannan bakwai ɗin yawanci kwanakin hanya ne a lokacin da komai ya tafi daidai. Kwanakin jira na gaskiya suna farawa daga ranar da ka ga ya kamata a yi oda, ba sa ƙarewa sai kaya sun sauka an shigar da su. Tsakanin nan akwai jiran amincewar Alhaji, haɗa kuɗi, tabbatar da biyan a wajen kamfani, layin lodi, hanyar kanta, da jiran 'yan dako in mota ta iso da dare ko ranar Juma'a da rana. Layin lodi ne ya fi rashin tabbas, kuma yana tsawo daidai lokacin da kowane dila a Arewa yake son kaya, wato makonnin da suka gabaci azumi da sallah. Kwanakin jiranku suna ƙaruwa a daidai lokacin da cinikinku ke ƙaruwa, manhaja kuma tana riƙe da bakwai ɗinta.

Maganin littafi ne mai layi biyar ga kowace oda: ranar yanke shawara, ranar biya, ranar lodi, ranar sauke kaya, da yawan abin da aka kawo idan aka kwatanta da abin da aka nema. Layi na biyar yana da muhimmanci, domin lokacin ƙarancin kaya kamfani kan raba wa diloli: ka nemi 800 a ba ka 500, manhaja kuma tana lissafi da 800 har ranar da aka sauke. Ba sai ka jira sababbin oda ba. Takardun lodi da rasit na banki na odoji 15 ko 20 da suka wuce za su ba ka yawancin ranakun. Daga ciki ka fitar da matsakaici ga kowane kamfani daban, ka kuma ga nisan da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. Kada ka haɗa kayan Legas da na Kano a lamba ɗaya. Abin da za a saro a Singa a sauke a Sabon Gari cikin yini ɗaya ko biyu, lissafinsa daban da na tirelar da za ta ratso ta Jebba da Mokwa ko ta Lokoja.

Sai ɗabi'a guda da ta fi kowane saiti amfani: duk safiya a sabunta ranar isowar kowace odar da ke buɗe. Direba ya ce yana Ilori mota ta lalace, a matsar da ranar nan take. Odar da ranarta ta wuce ba ta iso ba ita ce mafi haɗari, don manhajoji da yawa suna ɗaukarta kamar yau za ta shigo, gobe ma su sake ɗauka haka. Akwai kuma tsofaffin odojin da aka fasa ko aka kawo rabi ba a rufe su ba. Ka fitar da jerin duk odar da ke buɗe, duk wadda ta haura wata guda ka bi kanta, ko a rufe ko a sa mata rana ta gaskiya.

Kayan da ke ƙasa

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, kai ma ka san inda bambancin ke shiga. Kayan da kwastoma ya biya ya bar muku ajiya suna sito amma ba naku ba ne. Kayan da wani na hannun daman Alhaji ya ɗauka da baki, a rubuta daga baya, sun fita amma manhaja tana ganinsu. Katan da ya jiƙe ko ɓera ya fasa yana cikin lissafi amma ba ya sayuwa. Ga rikicin ma'auni: an shigar da kaya da katan, an sayar da rabin katan ko dozin, ko an haɗa buhun sukari mai kilo 50 da mai 25 a suna ɗaya. In kuna da sito na biyu, a ce a Tudun Wada, kayan da ke tsakanin sitocin biyu kan bayyana sau biyu ko su ɓace gaba ɗaya. Ranar da babu wuta ko intanet kuma a tara takardu, a shigar bayan kwana uku.

Kada ku jira ƙidayar ƙarshen shekara. Jera kayanku bisa kuɗin da suke kawowa; za ka ga 'yan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan cinikin. Waɗannan a ƙirga su duk sati, na tsakiya duk wata, sauran duk wata uku. Wanda ya ƙirga kada ya ga lambar manhaja kafin ya ƙirga. In an sami bambanci a rubuta dalili kafin a gyara, domin dalilin da ya maimaita kansa sau uku shi ne ƙofar da ake buƙatar toshewa. Ka kuma kashe saitin da ke barin a sayar da kayan da manhaja ta nuna babu su.

Hasashen ciniki da kalandar Zariya

Yawancin manhajoji suna amfani da matsakaicin makonnin baya, ko wata hanya da ke bai wa sabon ciniki nauyi fiye da tsoho, wadda su Robert Brown da Charles Holt suka tsara a shekarun 1950, Peter Winters ya ƙara mata lissafin yanayin shekara a 1960. Aikinta haka yake: in hasashen da 300 ne, aka sayar da 350, nauyin da aka zaɓa kuma 0.2 ne, sabon hasashe zai zama 310, wato an ƙara kashi ɗaya cikin biyar na bambancin. A ranakun yau da kullum wannan ya isa. Amma hanya ce mai bin baya. In ciniki ya tashi da sauri sai ta yi makonni tana binsa.

Lissafin yanayin shekara kuwa da kalandar Bature yake tafiya, azumi kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A Najeriya an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, ranar 1 ga Maris a 2025. Sayayyar 'yan sari tana gabatar azumi da mako biyu zuwa uku, don haka a 2023 ta faɗo cikin Maris, a 2025 kuma cikin Fabrairu. Manhajar da ke kwatanta Fabrairu da Fabrairu ba za ta taɓa kama wannan ba, haka ma FORECAST.ETS, dabarar hasashe ta Excel, domin tana neman abin da ke maimaituwa a tazara iri ɗaya. Abin yi shi ne ka sake jera tarihinku da hannu: sati na huɗu kafin azumi, na uku, na biyu, na ɗaya, satuttukan azumin, satin sallah da wanda ke biye. Ka raba cinikin kowane sati da cinikin satin da babu komai a wannan shekarar. In sati na biyu kafin azumi ya ba ka 1.4 a shekara ɗaya, 1.5 a wata, to bana ka ninka hasashen wannan satin da kusan 1.45 ka shigar da hannu. Kowane kaya da nasa ninkin: sukari, madara da man girki ba tafiyarsu ɗaya da sabulu ba. Ka yi wa babbar sallah haka, ka kuma lura da faɗuwar da ke biyo bayan kowace sallah, don a nan ne ake cika sito da kayan da aka yi oda da zafin makon da ya wuce.

Zariya tana da nata lokutan. Kwastomominku na Samaru da Kongo cinikinsu yana bin zaman ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello. Na ƙauyukan Giwa, Soba da Maƙarfi hannunsu ya fi buɗewa da kaka. Ƙarshen wata yana da nasa tashin saboda albashi. Idan manhajarku tana barin a raba kwastomomi gida-gida, ka raba su, za ka ga kowane rukuni da numfashinsa.

Tarihin kansa yana buƙatar wanki kafin a ba manhaja. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira ne. In tarihinku ya haɗa da waɗannan watanni, a yi musu alama, kada su shiga matsakaici. Ka kuma yi hasashe da katan da buhu, ba da naira ba. Tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 farashi ya yi ta hawa, cinikin naira zai nuna maka ƙaruwar da babu ita a katan.

Abu mafi muhimmanci a wankin shi ne ranakun da kaya suka yanke. Manhaja abin da aka sayar take gani, ba ta ganin abin da aka nema. Satin nan na uku da kuka rasa taliya, a wurinta sati ne da mutane suka rage son taliya, don haka za ta sauke hasashe, ta ba da shawarar ƙaramar oda, kaya su sake yankewa. In a cikin kwanakin kasuwa 6 kun yi 4 da kaya kuka sayar da 200, to a gyara satin zuwa 300. Ka ajiye littafi a kanta, duk wanda ya nemi abu babu a rubuta kayan da yawansa.

Ajiyar ko-ta-kwana

Ko an gyara duk wannan, lambar manhaja tsakiyar abin da zai iya faruwa ce. Wani sati a wuce ta, wani a gaza. Shi ya sa ake ware ajiyar ko-ta-kwana, kuma ƙararrawar oda ya kamata ta buga ne ranar da layin ragowar kaya zai taɓa wannan ajiyar, ba ranar da zai taɓa sifili ba.

Ga lissafinta. Ka sa cinikin makonni 20 ko 26 na yau da kullum a Excel, STDEV.S ta ba ka gwargwadon yadda yake kauce wa matsakaici. A ce matsakaici 300 ne, kaucewa 60, jiran mota sati 2. Idan kana son a cikin oda 100 kaya su yanke a 5 kacal, ana ninkawa da 1.65. Wanda ya kalli ciniki kaɗai zai ninka 1.65 da 60 da tushen murabba'in 2 (sati biyun jira), ya samu katan 140, kuma wannan ne manhajoji masu sauƙi suke bayarwa in ma sun bayar. Amma a ce ranar isowar mota ma tana kaucewa da rabin sati. Sai a ninka 60 da kanta, sannan a ninka da 2 na satin jira, a samu 7,200. A ninka 300 da rabi a samu 150, a ninka ta da kanta a samu 22,500. A haɗa su 29,700. Tushen murabba'insa wajen 172. A ninka da 1.65. Katan 284 ke nan, ninki biyu na 140 ɗin farko. Matakin sake oda kuma zai zama 600 na sati biyu haɗe da 284, wato 884, kuma ana auna shi da abin da ke ƙasa haɗe da abin da ke hanya.

Dubi wani abu a lambobin nan. In ka sayi manhaja mai tsada ta rage kuskuren hasashen ciniki da rabi, daga 60 zuwa 30, ajiyar za ta sauka daga 284 zuwa 257. In kuwa rashin tabbas ɗin mota ka rage da rabi, ta hanyar biya da wuri, ko riƙe direbobin da aka sani, ko yin oda kafin layin lodi ya cika, za ta sauka zuwa 187. Katan 27 a can, katan 97 a nan. Wannan ne dalilin da ya sa na fi ba littafin mota muhimmanci a kan salon hasashe.

Kada a sa wa kowane kaya 1.65. Mai 1.28 yana ba da kariyar kashi 90, ajiyar ta zama 221; mai 2.33 yana ba da kashi 99, ta zama 402. Jari ne ke kwance a wannan bambancin. Kayan da in babu su kwastoma zai ɗauke dukan sayayyarsa zuwa wani shago, su suka cancanci babbar kariya. Abin da za a iya cikowa daga Kano gobe da safe, ƙarama ta ishe shi. In kuma sau ɗaya a sati kuke zama ku yi oda, a ƙara wannan satin a kan kwanakin jira, domin kaya na iya taɓa matakin ranar Talata ba a gani ba sai Litinin.

Sabulun da ya cika wuri

Shi kuma ka duba abu uku. Ko akwai wani babban saye na lokaci ɗaya a tarihinsa, kamar wata ƙungiya ko makaranta da ta kwashi katan ɗaruruwa don rabo, manhaja ta ɗauka sabon matakin ciniki ne. Ko kamfani ne ya ce sai an cika mota, ko sai an haɗa da sabulu kafin a ba da kayan da ake rububi. Ko kuma cire oda sau biyu ɗin nan da na ambata a sama. Ka raba abin da ke ƙasa da cinikin rana, ka ga kwana nawa zai kai ku. In ya haura ninki uku na kwanakin jiransa, a dakatar da odarsa. Ga madara da duk mai ranar lalacewa, ka kwatanta waɗannan kwanaki da ranar da ke jikin katan, domin abin da zai lalace kafin a sayar bai kamata ya zauna a lissafin ragowa ba. Kayan da ake yin makonni ba a nema ba sannan a kwashi da yawa lokaci guda, matsakaici ba ya yi musu aiki; akwai hanyar Croston ta 1972 da aka tsara dominsu, in manhajarku ba ta da ita a sa musu mafi ƙaranci da mafi yawa da hannu.

Iyakar abin da lissafi zai iya, da maganar Alhaji

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa gobe za ta yi kama da jiya. Ba zai hango irin ambaliyar Oktoban 2022 da ta rufe hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe ta tsayar da tireloli kwanaki ba, ba zai hango jita-jitar ƙarin farashi da ke sa 'yan sari su kwashe kayan wata guda cikin kwana uku ba. Bai kuma san nawa ke asusun Alhaji ba. Zai ce a yi odar kaya goma alhali kuɗin na huɗu ne. Abin da ke taimakawa shi ne duk Litinin ka fitar da layi biyu ga manyan kayanku: na yadda ake zato, da na in mota ta makara da sati ɗaya kuma ciniki ya ƙaru da kashi 20. Duk kayan da layi na biyu ya kai shi ƙasa da sifili, shi za a fara biya wa kuɗi, ko a shirya ciko daga Kano.

Game da komawa littafi, ra'ayina kada a watsar da manhajar, kada kuma a sayi wata yanzu. Littafi zai gaji matsalolin nan duka, sai dai ba zai nuna lambar da za a zarga ba. Ka roƙi Alhaji sati takwas. Ka zaɓi kaya 20 mafiya kawo kuɗi, a ƙirga su, a rufe matattun oda, a gyara kwanakin jira. Duk Litinin ka adana abin da manhaja ta ce zai rage nan da sati biyu, in lokacin ya yi ka kwatanta da ƙidaya, ka rarraba bambancin gida uku: nawa daga ƙidaya, nawa daga mota, nawa daga ciniki. A ɓangaren ciniki ka haɗa dukan kuskuren ba tare da duba sama ko ƙasa ba, ka raba da jimillar abin da aka sayar, sannan ka duba ko kuskuren yana yawan karkata gefe guda, don karkata ta fi girman kuskure illa. Ka kuma gwada ta da hasashe mafi arha, wato matsakaicin sati huɗun da suka wuce. Idan bayan sati takwas gidan ƙidaya da gidan mota sun ragu, amma manhajar ta kasa doke wannan matsakaicin, ko ba ta barin ka shigar da ninkin azumi da hannu, ko ba ta iya nuna ragowa sati-sati, to a lokacin ne maganar canza ta take da tushe, kuma waɗannan ukun su ne abin da za ku sa mai sayar da sabuwar ya nuna muku da bayanan sitonku kafin a biya shi.